Bokitin Yashi

Ranar da na buɗe shagon caji a Aboabo,
kafin kujera, kafin fenti,
bokitin ƙarfe na fara saya,
na cika shi da yashin gini.
Maƙwabta suka ce Zuwera za ta soya gyaɗa.
Ban tanka ba.
Ba su ga ɗakin Mutawakilu ba.

Ƙanena ne. Saƙo yake kaiwa da keken lantarki,
Kejetia zuwa Tafo, Tafo zuwa duk inda aka ce.
Wata Laraba keken ya zame a bakin kwata,
batirin ya bugu, gefe guda ya lotsa.
Ya share laka da hannun riga, ya ce lafiya lau.
Ya kawo shi gida da ɗuminsa, kamar burodin asuba,
ya jona da cajar aro,
ya ɗora kan katifa, ya ja ƙofa,
ya tafi kallon ƙwallo.

Ni na fara jin warin.
Zaƙi-zaƙi, irin na man goge farce.
Sai huci, kamar kyanwa ta hangi kare.
Sai farin hayaƙi yana rarrafe ta ƙarƙashin ƙofa.
Takardun makarantarsa.
Zannuwan Inna guda shida da ta bar mana.
Shi yana nan da ransa, mun gode Allah,
amma har yau ko ashana aka ƙyasta sai ya waiga.

To, Fuseina, tunda yau kika fara,
ajiye wayar, ki dube ni.

Wannan baƙin abu ba dutse ba ne.
Wuta ce aka naɗe aka ce ta kwanta,
kuma tana kwanciya, muddin ba a tsokane ta ba.

In an kawo shi da zafi, bar shi ya huce,
ko koko sai an fifita ake sha.
A kan siminti za ki ajiye shi, fili,
ba kan tsumma ba, ba kusa da kwali ba,
ba kuma a bakin ƙofar da za mu bi in ta ɓaci.
Kowane da cajarsa.
Wai baki ya shiga rami, ba shi ne an dace ba,
kowace ƙwarya da abokin burminta.

Wanda kika ga ya taso kamar ƙosai a mai,
kada ki danna, kada ki sa allura ki ce iska za ki fitar.
Cire shi daga wuta, sa cikin yashin nan,
fitar da bokitin waje, nesa da mutane.
Mai shi zai yi faɗa. Bar shi ya yi.
Kwata ba kabarinsa ba ce, bola ma haka,
akwai masu karɓar matattu, ni zan kai.

Ƙananan nan da samari ke zubawa aljihu
tare da makulli da canjin trotro,
ƙarfe ya taɓa kai ya taɓa gindi, cinya ce za ta biya.
Ga salatif, rufe musu baki.

Wanda zai daɗe bai yi aiki ba,
kada ya kwana da yunwa, kada ya kwana da ƙoshi.
Rabin ciki, inuwa, wuri busasshe,
nesa da kwanon rufi da ke dafa mu da azahar.

Maame Serwaa za ta zo dab da isha,
ta ce a bar mata fitilarta a jone har gari ya waye,
ta ƙara miki sidi biyu da murmushi.
Ki karɓi murmushin.
Da zarar ya cika ake cirewa,
kuma ba abin da ke shan wuta a shagon nan
alhali idanunmu na barci a wata unguwa.

Shekara huɗu ke nan.
Sau ɗaya tak bokitin ya yi aikinsa,
yashin ya yi baƙi, na canja.
Sauran kwanakin kyanwar mai shayi ke kwana kusa da shi.

Kashe makunnin can.
Taɓa kowanne da bayan hannu.
Yawwa. Miƙo kwaɗon.